Makon da Ɗan Tsawa Bai Doki Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Sabon Birni ya ga aikin Wada mai fenti, ko da bai san sunansa ba. Shi ya zana kan mutumin nan mai sanƙo a ƙofar shagon aski, shi ya zana kazar da ke jikin rumfar mai tsire wadda har yau ake musu ko agwagwa ce, kuma rabin motocin hatsi da ke bin hanyar Isa, zakin da ke bayansu daga hannunsa ya fito. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba arba'in baya, farcensa bai taɓa rabuwa da shuɗin fenti ba ko ranar Sallah. Hannunsa na da kyau, wannan babu mai musu. Bakinsa ne dai ba shi da birki. In Wada ya ga kare ya kori akuya da safe, kafin azahar kura ce ta kori saniya, kuma shi ne ya shiga tsakani ya raba su.

Zanen tun yana ƙarami ya same shi. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, falke ne mai kai hatsi Nijar, ya dawo da kanwa da dabino da kofunan shayi na gilashi. A Maraɗi ana naɗe kofunan da yagaggun shafukan wasu littattafan Faransanci masu zane gida-gida, na jarumai masu rufe fuska, suna tashi sama, suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Wada ke warware kofunan, ya danne takardun a ƙarƙashin tabarma har su miƙe. Bai iya Faransanci ba, har gobe ma bai wuce gaisuwa ba, don haka maganar da aka rubuta a bakin jarumi shi ke ƙirƙirar tasa ya karanta wa 'yan unguwa, da muryar jarumi daban, ta mugu daban. Shafin da babu faɗa a ciki kuwa, inda jarumin ke zaune yana kurɓar shayi ko yana ɗinke rigarsa, ba shi da amfani a wurinsa. Mahaifiyarsu Inno yake miƙa wa ta hura wuta.

Da ya tasa aka kai shi Isa wajen wani mai rubutun motoci, ya yi shekaru yana wanke buroshi kafin a ba shi ya ja layi ɗaya. Ya dawo gida ya kafa rumfa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ci gaba da zana zakuna. Da haka rayuwarsa za ta tafi, ba don daji ya ɓaci ba.

Da mutanen daji suka fara tare hanya, gonakin nesa suka koma sai dai a hanga daga bakin gari, kowace yamma ana tambayar wa ya dawo, wa bai dawo ba, sai Wada ya samo falankin katako mai faɗi, ya shafe shi da farin fenti, ya raba shi gida-gida kamar littattafan nan na yarintarsa. A ciki ya haifi Ɗan Tsawa. Dogo ne, da zanen Gobirawa a kumatu biyu, da jar alkyabba, da takalmin roba irin na manoma. Harsashi in ya taɓa ƙirjinsa sai ya zube ƙasa kamar tsakuwa. Yana tashi sama, yana kama babur biyu ya gwara su, yana jefa ɓarawon shanu har bayan gulbi. Kowace ranar kasuwa Wada zai rataye sabon labari a rumfar Ibrahima mai shayi da ke bakin tasha, in mako ya zagayo ya shafe ya zana wani. Masu waya su ɗauki hoto, kafin la'asar ya kai Isa, ya kai Bafarawa, ya kai Kurawa. Kada kowa ya raina wannan. Mutumin da ya kwana da tsoro, in ya wayi gari ya ga an doki abin tsoron, ko a jikin katako ne, shayinsa ya fi shiga.

Wada na da ƙane ɗaya tal, Jabir, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sai ka rantse ba nono ɗaya suka sha ba. Jabir in ya yi maka magana goma a yini, to ranar ya yi surutu. Shi ya gaji fataucin uban, a kan babur, yana kai kaya tsallaken iyaka yana dawowa da na can. Yana da wushirya, da tsaga a kunnen hagu tun wata faɗuwa da ya yi daga kan jaki yana yaro. A farkon wata damina yana dawowa daga Isa da buhunan taki, aka tare su a hanya, aka shige daji da shi da wasu, har da maƙwabcinsu Abu tela.

Sai da gero ya kusa yanka Jabir ya dawo. Da hantsi ya shigo gari, ba babur, ba takalmi, ƙafafu sun kumbura, gemu ya cinye fuska. Matarsa Lailatu ta gan shi a bakin ƙofa ta zauna daɓas a ƙasa da tsintsiya a hannu. Inno ba ta yi kuka ba, ruwa ta ɗora a wuta. Wada kuwa ya yi kukan su duka, a tsakiyar titi, da majina da komai.

To, ga inda abin ya fara karkacewa. A garin nan, wanda ya kuɓuta daga irin wannan ba a barinsa ya kwanta. Ana shimfiɗa tabarmi a zaure, a zaunar da shi, gari ya yi ta zuwa barka da arziki, dangi daga ƙauyuka su biyo baya. Kuma kowa in ya gama addu'a sai ya gyara zama, ya ce, "To, ƙaƙa anka yi?" Jabir sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi." Su jira. Ya ƙara cewa, "Allah dai ya kyauta." Shi ke nan. Wada shi ne babban wa, shi ne mai zaure, kuma a ganinsa baƙon da ya tako daga Kurawa a kan hanyar nan mai haɗari bai kamata ya koma hannu wofi ba. Sai ya fara cike gurbin. Da farko cewa ya yi Jabir ya lallaɓa ya gudu. Da baƙin Bafarawa suka zo, ya zama ya kwance ɗaurin da haƙori. Kafin a naɗe tabarmin, Jabir ya tsinke sarƙa da hannu, ya make mai gadi, ya ƙwace bindiga ya karya ta a gwiwa. Jabir na zaune a gefe yana jin duk wannan, yana kallon ƙafafunsa.

Ba mugunta ba ce. Wada murna ce ta cika shi har ta rasa inda za ta bi, kuma shi hanyar da ya sani ta nuna ƙauna ke nan: ya ƙara wa mutum tsawo. Ranar kasuwa ta gaba ya yi abin da yake ganin shi ne babbar karramawa. Ya zana Ɗan Tsawa yana tsinke sarƙa, ya buɗe masa baki da wushirya, ya tsaga masa kunnen hagu.

Gari ya ɗauka. Jabir bai ƙara jin sunansa na yanka ba. In ya fito masallaci, "Ɗan Tsawa!" In ya je shagon magani a wanke masa ƙafa, "Ɗan Tsawa!" Samarin sintiri suka zo har gida da goro, wai ya taimaka musu da laƙanin da ya sha. Ya ce ba shi da komai, suka tafi suna cewa rowa yake yi. Duk wannan da sauƙi. Wata rana da la'asar Kadijatu matar Abu tela ta shigo wurin Inno, da goyo a baya. Mijinta har lokacin yana daji, ba labari. Ta gaida Inno, sannan ta ce da muryar da duk gidan ya ji:

"Inno, ni ba hwaɗa niz zo ba. Tambaya ɗai gare ni. Tunda Allah ya ba ɗiyanki wanga ƙarhi, mi ya hana shi hito man da mijina? Tare anka tahi da su. Mutum na mai gyambon ciki, ko yaji ba ya iya ci."

Jabir na cikin ɗaki, labule kawai ne tsakaninsu. Daga ranar ya daina fita. Salla a ɗaki, abinci sai Lailatu ta yi da gaske ya ci loma biyu. Bayan 'yan kwanaki Lailatu ta tari Wada a soro, ta durƙusa, idanunta sun yi ja.

"Yaya, ɗan'uwanka ya haɗa jikka. Ya yi magana da direban babbar motag ga mai zuwa Agadas. Ranak kasuwa za su tashi. Wai haƙar zinari za shi."

Wada ya san masu zuwa haƙar zinarin nan a cikin hamada. Wasu sai bayan shekaru ake ganinsu, wasu sai dai a kawo hularsu. Ƙanen da daji ya mayar masa da shi, ga shi zai fita da ƙafarsa, kuma wannan karon ba wanda ya tare shi.

Ya same shi a bayan rumbu, zaune a kan turmi, yana tufka igiya da kaba. Tun dawowarsa wannan ne kawai aikin da hannunsa ke yarda da shi, igiyar har ta yi tulin da za ta ɗaure shanun gari. Wada ya tsaya a kansa ya yi gyaran murya irin ta manyan yayye.

"Na ji wata magana. Ba ka zuwa ko'ina. Na hana."

"To, Yaya," in ji Jabir. Irin "to" ɗin nan ce da ba ta nufin komai.

"Gari duka na alfahari da kai, kai kuma za ka gudu?"

Jabir ya ajiye igiyar. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Yaya, ni ban tsinke sarƙa ba. Su sunka kwance ni, don sun ga na iya tuƙa tuwo. Ni ad da girki. Ni ka ɗebo musu ruwa, ni ka wanke musu tukunya, in sun ce gishiri bai ji ba in ba su haƙuri. Ranad da jirgi yab biyo ta sama kowa yaw watse, ni ina rahi da jarka. Na aje jarka na sheƙa. Abu na ɗaure gindin icce, ina jin shina kiran sunana, ban waiwaya ba. Ina gudu ina kuka kamar jinjiri. Wata Bahillata ta tsince ni, ta ba ni hura, ta gwada man hanya. Shi ke nan labarin." Ya ɗauki igiyar ya ci gaba da murzawa a cinya. "Kowa yag gane ni Ɗan Tsawa shika nema. Ni ko ba ni da shi. Can aƙalla ba wanda yas san ni."

Wada ya dubi tulin igiyar. Abin da ya kamata ya ce ya san shi sarai: ka yafe mini, kada ka tafi, ba zan iya ba in babu kai. Amma a gidansu wa ba ya faɗa wa ƙane irin wannan, harshen ma ba zai juya ba. Ya yi tsaye har ƙafarsa ta gaji, ya juya ya fita.

Ana jibi kasuwa ya shafe falankin da farin fenti, ya zauna a gabansa daga safe har rana ta take. Ya ɗaga buroshi ya zana dunƙulen hannu, ya shafe. Ya rufe rumfa ya tafi wurin Inno. Ya tarar tana tsintar wake a faifai. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai "mai fenti."

"Mai fenti, yau ba a doke-doken?"

"Inno, hannuna ya ƙi."

"Ya gaji na. Ni ma na gaji, da ganin shi ɗai ga wayar jikokina." Ta fitar da tsakuwa ta jefar. "Shi wanga Ɗan Tsawa naka, ba ya da uwa? Kullum duka, kullum duka. Ba ya wanka? Ba ya jin yunwa? Wa ka wanke mai jar rigag ga? Ni waɗancan takardun da kaka ba ni in hura wuta, sai na dibe su tukuna kahin in sa. Su ɗai na ka gwada mutum na."

Wada ya dube ta. Shekara talatin da wani abu, bai taɓa sanin tana duba su ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ƙara da cewa, kamar da faifan take magana, ita da ɗanta ya dawo ba ta tambaye shi wa ya doka ba. Ƙafarsa ta sa a ruwan ɗumi, ta yi yini biyu tana cire ƙaya da allura.

Ya koma rumfa da sauri har yana tuntuɓe. Ya yi aiki yinin nan da washegari, bai amsa sallamar kowa ba, har wani mai mota ya yi fushi ya tafi da zakinsa ba wutsiya.

Ranar kasuwa da sassafe ya rataye falankin a rumfar Ibrahima. A gidan farko Ɗan Tsawa ne yake shigowa gida a ƙasa, ba tashi sama, takalmi ɗaya a hannu. A na biyu wata tsohuwa ta karɓe jar alkyabbar ta jiƙa a kwano, ta miƙa masa guga. A na uku yana jan ruwa a rijiya da 'yar shara, haƙarƙarinsa a waje. A na huɗu tsohuwar ta kama ƙafarsa tana cire ƙaya, shi kuma ya wage baki yana kuka da hawaye shaɓe-shaɓe. A na biyar yana tsugune gaban murhu yana tuƙa tuwo, hayaƙi ya sa shi rufe ido ɗaya, akuya a bayansa tana taunar gefen alkyabbar da aka shanya. A na ƙarshe ya ci ya ƙoshi, ya miƙe a gindin itacen bedi yana barci, baki buɗe, ƙuda na shawagi. Wushiryar tana nan, tsagar kunnen tana nan. Ba a doki kowa ba, ba a rubuta ko kalma ɗaya ba.

Samari ne suka fara zuwa, suka kuma fara tsaki. "Mi na na wanga? Ina faɗan?" Wani ya ce Wada ya tsufa, wani ya ce fentin ja ne ya ƙare masa. Wada na zaune a ƙarshen benci da kofin shayin da ya huce, bai tanka ba, abin da ya ba Ibrahima tsoro har ya tambaye shi ko lafiya. Sannu a hankali manya suka fara taruwa, masu awo da masu jakuna da direbobi. Su ba su yi tsaki ba. Wani ya nuna akuyar ya fashe da dariya, ya ce wallahi tasa ce, ita ta cinye masa rigar Sallah. Wani ya ce matarsa ta sha faɗa masa haka yake barci, bai yarda ba sai yau. Da an saba a kalli Ɗan Tsawa a yi ihu a wuce. Yau mutane suka ƙi wucewa, suka yi ta neman shayi na biyu.

Can sai ga Jabir, da jaka a kafaɗa, hula ta rufe goshi. Hanyar babbar motar dole ta gaban rumfar take bi, motar kuwa tana can ana ɗaure mata tamfol. Wani saurayi ya hango shi ya ɗaga murya, "Ɗan Tsawa!"

"Kai, rage murya," in ji Ibrahima yana zuba madara. "Ba ka ga Ɗan Tsawa na kwana ba? A bar bawan Allah shi huta."

Aka yi dariya, dariya mai sauƙi, kuma ba wanda ya juya ya ce ƙaƙa anka yi. Jabir ya tsaya. Ya ɗaga kai ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na murhun. Kusa da shi akwai wani dattijo, Malam Halliru mai awon gero, wanda shi ma aka taɓa ɗauka shekarar da ta wuce, kuma tun da ya dawo ba a taɓa jin ya ce uffan a kai ba. Idonsa na kan falankin, ya yi magana a hankali.

"Ni niƙa sunka sa ni. Ga dutsi, kamar mace. Har yau gwiwata ba ta koma daidai ba."

Jabir ya dube shi. Sannan ya ce, "Ni tuwo."

"Ka ji daɗi," in ji dattijon. "Kai ko ɗanɗano ka samu."

Wani sauti ya fito daga bakin Jabir, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, wataƙila shi ma bai sani ba. Ya share fuska da hannun riga. Yaron mota ya fara ƙwala kiran masu tafiya. Jabir ya sauke jakar, ya miƙa wa Wada ba tare da ya dube shi ba.

"Yaya, riƙa man. Ina zuwa."

Bai nufi motar ba, cikin gari ya juya. Wada ya rungumi jakar ya bi shi a baya, nesa kaɗan, kamar ɓarawo. A ƙofar gidan Abu tela Jabir ya tsaya ya yi sallama. Aka daɗe kafin Kadijatu ta zo ta tsaya a bayan zana, ba ta fito ba.

"Matar Abu, ni na, Jabir. Ban da ƙarhin da anka ce. Gudu niy yi, na bar shi ɗaure. Ki yahe man. Amma ni ka yi musu girki, don haka na san abin da shika ci. In kina so in hwaɗa miki."

Muryarta ta fito, ƙarama.

"Shina ci?"

"Shina ci. Kahin in zuba yaji ga miya sai in ɗebe mai tashi daban. Ƙanzo ma shi nika aje ma, shina jiƙa shi da ruwa da sahe. Wanda anka haɗa ni aiki da shi, wani mutumin Isa, na gwada mai yadda za shi yi."

"Ciwon fa?"

"Ya tashi sau ɗaya, da hwarko. Bai koma ba."

Ta ƙara tambaya, ya ƙara amsawa. Ya gaya mata Abu ya zare zare daga buhu, ya yi allura da ƙayar aduwa, yana yi wa kowa ɗinki, har masu gadin na kawo masa wandunansu, shi ya sa ba su cika dukansa ba. Shi ke jan su salla in an bari. Yana da bargo, rabi ne amma bargo ne. Yana yawan cewa ya manta bai gaya mata ba, kan keken ɗinkin a riƙa ɗiga masa mai kada ya yi tsatsa. Da Kadijatu ta ji wannan sai ta fashe da kuka, tana kukan tana cewa shi ne, wallahi shi ne, mutum na daji yana tunanin keke. Ba a sako mata miji ba, kuma ba wanda ya san ranar. Amma tun farkon damina sai yau ta ga mijinta a zuci, zaune yana cin abinci.

Daga tasha aka ji babbar motar ta yi ham, ta sake yi, injinta ya ɗauka. Wada na jingine da katangar maƙwabta, ya ƙanƙame jakar da hannu biyu, bai yarda ya kalli ƙanensa ba, kada kallon ya tuna masa. Jabir bai ko juya ba. Yana bayanin yadda Abu ke raba goro ɗaya gida takwas. Mutumin da ba ya magana goma a yini, ga shi an rasa mai tsayar da shi. Ƙarar motar ta yi nisa, ta bi hanyar arewa, ta ɓace.

Kadijatu ta share hanci da gefen mayafi.

"Uwa tai na Alkalawa, ta bar cin abinci. Za ni aika a zo da ita gobe. Ka dawo ka hwaɗa mata da bakinka, duk yadda kah hwaɗa man. Ka dawo?"

"Za ni dawo," in ji Jabir. "Gobe da hantsi, in sha Allahu."

Wada ya ji kalmar nan, gobe. Ya sulale ya zauna a ƙasa a gindin katangar, da jakar a cinya, yana ta sauke numfashi.